Kuɗin Motar Gwani

Yayana kafinta ne mai yin kujeru, kuma a iya sanina ban taɓa ganinsa zaune a kan ko ɗaya daga cikin waɗanda ya yi ba. Shekara talatin da takwas yana sana'ar. A tsaye yake karyawa, a tsaye yake ciniki. In ya zo gidana gaisuwa ma sai ya dafa ƙofa ya tambayi lafiyar yara, kafin in ɗebo ruwa har ya kai bakin titi. Mutanen layinsu Na-Tsaye suke ce masa. Ni dai Yaya nake cewa, shi kuma ya ce mini Malama, rabi girmamawa rabi tsokana, don ni ce na yi karatu a gidanmu na zama akawu a wata makaranta, ina zaune tun safe har yamma kuma ana biyana. Wannan har yau abin al'ajabi ne a wurinsa.

Rashin zaman nan ba jininsa ba ne kawai, koya masa aka yi. Yana ɗan shekara goma sha biyar mahaifinmu ya kai shi wurin wani kafinta da ake kira Gwani, kuma dokar farko a shagon Gwani ita ce kafinta ba ya zama a kujerar da ya yi. Ta mai ita ce, shi zai fara ɗora jikinsa a kai. In kana son ka san ko ta yi ƙwari, ka danna ta da tafin hannu, ka sa mata gwiwa, ka girgiza ta ka saurara. Yaya ya ɗauki dokar nan ya zarce da ita har kan kujerun da ba shi ya yi ba. Wuri ɗaya tak na san yana zama da son ransa, wato cikin tsohuwar motarsa ruwan toka, wadda ƙofar direbanta ba ta buɗuwa sai an zura hannu ta taga. Gidansa yana can ƙarshen gari, tafiyar kusan awa guda, kuma ya taɓa gaya mini a kan hanyar nan kaɗai yake jin kansa yana hucewa.

Shagonsa ɗaki biyu ne, a layin masu gyare-gyare, tsakanin mai yankan gilashi da mai gyaran firji. Ɗakin gaba na kujerun da aka gama ne, lulluɓe da leda suna jiran masu su. A na baya ake aikin: dogon teburi da ya sha sara, injin yankan katako, keken ɗinki a lungu kusa da taga, tarin soso har rufi, da warin gam da ke bin mutum har gida. Mutum huɗu ke aiki a ciki. Akwai Dogo mai haɗa katako, wanda ya fi sauran daɗewa, da Tela mai ɗinka wa kujera riga, da Mai Soso, da Mai Fenti. Sai kuma Gwani.

Yadda Gwani ya dawo shagon yaronsa labari ne da ba a ba da shi a gabansa. A zamaninsa mutum goma sha ɗaya ne a ƙarƙashinsa. Sai matarsa ta kwanta doguwar jinya, injuna suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, ranar da ta rasu ko gudumar kirki ba ta rage masa ba. Wata safiya, shekara goma sha bakwai ke nan, ya tsaya a ƙofar shagon Yaya ya ce wucewa yake yi. Ya ɗauki wata ƙafar kujera ya shafa da babban yatsa, ya ce, "Wa ya goge wannan? Ai sai ta yaga wa mutum riga." Ya nemi samfefa, takardar gugar katako, ya gyara ta. Ya ɗauki ta biyu. Washegari ma ya zo wucewa.

Da Asabar ta zo, ranar biyan mutane, Yaya ya rasa yadda zai yi. Mutumin da ya koya maka riƙon zarto, ya ja maka kunne, ya ciyar da kai, ba ka miƙa masa kuɗi ka ce ga ladan aikinka. Sai ya naɗe kuɗin ya bi shi har bakin ƙofa, ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, ga kuɗin mota." Gidan Gwani kuwa yana tsallaken titi, in ka tsaya a ƙofar shago kana hango shanyarsa. Tsohon ya karɓa ya sa a aljihu. Tun daga ranar sunan ya zauna. Kuɗin motar daidai yake da abin da Dogo ke karɓa, kuma duk sanda aka yi wa sauran ƙari Yaya yakan ce, "Baba, mota ta ƙara kuɗi." Gwani ya ce, "Haka na ji ana faɗa."

Ana nan sai sabuwar dokar fansho ta sauko har kan ƙananan shaguna. Da can mu 'yan ofis kaɗai muka san harkar, masu sana'ar hannu kuwa labari suke ji. Takardar ta isa shago cikin farin ambulan, Yaya ya kawo mini ita makaranta da tsakar rana, garin katako har a girarsa. Na nuna masa kujera don in cika ladabi, ya yi kamar bai gani ba.

"Malama, karanta mini wannan, ki mai da shi maganar mutane."

Na karanta na mai da. Duk mai sana'ar da ke da ma'aikata biyar zuwa sama dole ya yi musu rajista a asusun fansho. Kowane wata a cire wani kaso daga albashin ma'aikaci, maigida ma ya ɗora nasa kason daga aljihunsa, a ajiye wa mutum har ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Mai huɗu zuwa ƙasa, doka ba ta taɓa shi ba tukuna. Can ƙasa da ƙananan rubutu kuma an ce ana ƙirga duk wanda ake biya don aikin da yake yi, ko da shekarunsa sun wuce na shiga asusun.

Yaya ya fara miƙe yatsu. Dogo, Tela, Mai Soso, Mai Fenti. Babban yatsa ya rage a naɗe a tafin hannu. Muka tsaya muna kallon yatsan nan mu biyu.

"Huɗu ne," in ji shi.

"Gwani fa?"

"Baba ba ma'aikacina ba ne. Ke ma kin sani."

"Abin da na sani yana riga kowa zuwa, kuma shi ne ƙarshen fita."

"Ba gardama na zo yi ba, Malama." Ya zare takardar daga hannuna ya fita, ko ƙofa bai ja mini ba.

Akan ce mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye. To, zaune dai Yaya bai taɓa iyawa ba, yanzu tsayuwar ma ta gagare shi. A ranar nan sau uku ya dawo ofishina, kowane zuwa da tambaya ɗaya a bakinsa, kafin in gama amsawa ya juya. Ya manta tef ɗin awonsa a kan teburina. A cikin makon ya yanka yadin wata mata ba daidai ba, abin da Tela ya ce bai taɓa gani ba. Matarsa ta kira ni a waya ta ce, "Wai me aka yi wa yayanki? Ya zagaye tsakar gida har kaji sun daina kauce masa."

Kada in yi masa rashin adalci, ba rowa ce ta hana shi sakat ba. Soso ya yi tsada, katako ya yi tsada, mai shago ya ƙara haya. Ga wani babban kanti da aka buɗe a bakin hanya yana sayar da kujeru masu ƙyalli, waɗanda ba sa shekara biyu amma kuɗinsu rabin nasa ne, mutane kuwa ido suke bi. Na lissafa masa kason da zai riƙa ɗorawa, na ga ba wani dutse ba ne. Shi kuma ya ce wanda kaya suka kai masa iya wuya ko allura ka ƙara masa sai ya ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ban ja da shi ba a kan wannan.

Maƙwabcinsa Mai Gilashi tuni ya san inda ya nufa. Mutum shida gare shi, ya sallami biyu da safe, ya dawo da su da yamma a matsayin masu zuwa taimako. Ina shagon ranar da ya leƙo yana goge hannu da tsumma, ya ce wa Yaya, "Kai da Allah ya hutar, me kake wa zarya? Tsohon ai ba albashi yake karɓa ba, kuɗin mota ne, duk layin nan shaida ne. Shekara goma sha bakwai kana shirya wa dokar nan amsa ba ka sani ba." Ya yi dariyarsa ya koma. Yaya bai yi dariya ba. Ya ɗauki guduma ya ajiye, ya sake ɗauka.

Su ma mutanen shagon bakinsu bai zo ɗaya ba. Mai Fenti ya ce shi a bar masa kuɗinsa cif, ba zai yarda a yanke masa na yau don goben da bai gani ba, wa ya san ma ko masu asusun za su haɗiye. Tela da Mai Soso suka ce duk yadda aka yi daidai ne. Dogo bai ce komai ba a gaban kowa. Mutum ne da ya haura arba'in, 'ya'yansa biyar, kuma bayansa ya fara yi masa gardama, in ya sunkuya sai ya dafa teburi kafin ya miƙe. Ya same ni a ƙofa ina jiran Yaya ya rage mini hanya, ya yi ƙasa da murya.

"Malama, wai da gaske in mutum ya tsufa sai a riƙa ba shi duk wata, ko bai ɗaga guduma ba?"

"Gwargwadon abin da aka tara masa. Ba lalle ya yi yawa ba."

Ya waiga ɗakin baya, inda Gwani ke tsaye yana gugar ƙafar kujera.

"Ko kaɗan ne ai nasa ne," ya ce. "Ba sai ya jira an biyo shi bakin ƙofa ba."

A mota na kasa riƙe bakina, dama ba ni da wannan baiwar. Na ce wa Yaya ba a fafe gora ranar tafiya, na ce mutum huɗu ne gobensu ke rataye a yatsansa ɗaya. Ya bari har na gama, sannan ya ce, "Ke da ake tara miki tun kina budurwa, ai baki ya yi miki sauƙi. Kin taɓa kwana kina tunanin inda za ki samo kuɗin mutane ranar Asabar?" Ban kuwa taɓa ba. Ya ci gaba, idonsa a kan hanya. "Kuma ko na rubuta shi, ke kika karanta mini, shekarunsa sun wuce, komai ba zai samu ba. Ribar kawai in sa sunan mutumin da ya raine ni a layin yarana, in rubuta nawa a sama. Da wane ido zan dube shi?"

Na san kunyar nan gaskiya ce. Na san tsoron kuɗin ma gaskiya ne. Abin da ya hana ni jin daɗi shi ne yadda kunyar ta zo daidai wuyan tsoron kamar an auna, ta rufe shi ruf. Ina jin shi ma abin da ke cinsa ke nan, don da yana da tabbacin ladabi ne zalla da ya samu barci.

Jami'ar asusun ta zo ranar wata Laraba da hantsi, Yaya ya sa na nemi izini a makaranta don in tsaya masa. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da jaka a kafaɗa da takalmi duk ƙura, ka gan ta ka san shagon nan ba shi ne na farko ba kuma ba shi ne na ƙarshe ba. Ta gaisa da kowa cikin mutunci, ta shiga ɗakin baya tana tambayar kowa aikinsa tana rubutawa. Gwani yana can ƙarshen teburi ya ba mu baya, ba ka jin komai daga wurinsa sai ƙarar samfefa.

"Wancan dattijon fa?" ta tambaya.

Yaya ya gyara fensirin da ke bayan kunnensa. "Ubangidana ne. Ba aiki yake yi a nan ba, yakan leƙo mu ne kawai."

"Ana biyansa?"

"Kuɗin mota dai."

Ta dubi hannuwan tsohon, fari fat da garin katako har gwiwar hannu. Ta dubi tarin ƙafafun kujera da ke gefensa, gogaggu a dama, masu jira a hagu. Ta rubuta huɗu. Da za ta fita ta miƙo mini wata takarda ta ce in an samu sauyi a cike a kai ofis kafin ƙarshen wata. Sai bayan ta tafi na lura ƙarar samfefar ta daina, ban kuma san tun yaushe ba.

Abin da ya faru washegari Dogo ne ya ba ni labari a waya. Gwani ya zo a kan lokacinsa, amma ba da tsohuwar rigar aikinsa ba, da wankakkiya fes. Ya gaisa da kowa. Bai wuce ɗakin baya ba. Ya yaye ledar wata babbar kujera da aka yi wa wani likita, ya zauna a kai, ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon titi. Dogo ya ce shagon ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Mutumin da ya taɓa korar almajirin sana'a don ya same shi zaune a kujerar mutane, yau ga shi ya harɗe a kan ta likita.

Yaya ya zo ya rusuna ya ce, "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Leƙowa na yi."

Haka ya wuni. Haka ya wuni kashegari. Ba ya faɗa, ba ya fushi, in an kawo masa shayi ya sha ya yi godiya kamar baƙo. Ƙafafun kujera suka taru a hagu, dama ta zama wayam. Mai Soso ya gwada gogewa, Gwani ya hango daga inda yake zaune ya kau da kai, aka ga yatsansa yana motsi a kan gwiwa. Yaya kuwa ya koma kamar wanda tururuwa ta shiga wa riga. Ya shiga baya ya fito gaba, ya fita titi ya dawo, ya aiki kansa sayen ƙusar da ke akwai fal a shago. Kuma duk inda ya bi dole ya wuce ta gaban kujerar nan.

Ranar Asabar na je da kaina, don zuciyata ta ƙi kwanciya. Da yamma Yaya ya biya mutum huɗun, ya naɗe na biyar kamar kullum. Gwani ya miƙe ya gyara rigarsa ya nufi ƙofa, Yaya ya bi shi ya rusuna.

"Baba, ga kuɗin mota."

Gwani ya dubi hannun, bai miƙa nasa ba. "Da ƙafa na zo."

Ban taɓa ganin fuskar yayana haka ba, sai da na ji hawaye ya taso mini. Hannunsa ya tsaya a miƙe, ya rasa yadda zai mai da shi.

"Baba, in na yi laifi a gaya mini."

"Ba ka yi laifi ba. Tambayarka aka yi ka ba da amsa. Mai leƙowa kuwa ba a ba shi komai, shi ya sa na ce da ƙafa na zo." Ya juyo sosai ya fuskance shi. "Kana tsammani ban san gidana yana tsallaken titi ba? Kai ka sa wa abin suna don kada in ji kunya, ni kuma na amsa sunan don kada ka ji kunya. Mun yi wa juna kara, madalla. Amma aiki na yi, kuma na yi shi da kyau. Ba a taɓa dawo maka da kujera an ce ta yagi riga ba."

"Wallahi Baba ban taɓa..."

"Bari in gama. Mutum goma sha ɗaya na riƙe. Ko ɗaya ban ajiye wa komai ba, ni ma ban ajiye wa kaina ba, don a lokacin gani nake hannu ba ya tsufa. Biyu daga cikinsu na san inda suke, kuma ba na son bin ta layin saboda halin da suke ciki. Ni na yi sa'a ina da kai." Ya nuna ciki da haɓa. "Wancan mai ciwon bayan wa yake da shi?"

Dogo ya sunkuyar da kai yana tattara ƙusoshin da ba su zube ba.

"Baba," in ji Yaya, muryarsa can ƙasa, "ta yaya zan rubuta sunanka a ƙarƙashin nawa?"

"Shekara goma sha bakwai yana ƙarƙashin naka. Rubutawa ce kawai ba ka yi ba."

Ya tsallaka titi a hankali, muna kallonsa har ya tura ƙofar gidansa. Yaya ya mai da kuɗin aljihu, ya shiga motarsa ya tayar, ya manta da ni a tsaye. Ranar a motar haya na koma gida.

Litinin da safe, ko jakata ban ajiye ba ya shigo ofis. Idonsa ya faɗa.

"Malama, ina takardar matar nan?"

Na ɗauko na fara cikewa, yana tsaye a kaina yana faɗa ina rubutawa. Da muka zo layi na biyar na ɗago na dube shi. Sannan ya faɗi cikakken sunan Gwani, wanda ni ban taɓa ji ba, ya faɗe shi a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe. Gurbin aiki na tambaye shi me zan sa, ya ce in sa babban kafinta. Na ce gurbin gaba albashi aka rubuta, babu gurbin kuɗin mota. Ya harare ni ya ce ba lokacin wasa ba ne, ya faɗi adadin.

"To kason naka fa, daga ina?" na tambaya.

"Na duba. Abin da motar nan take ci a wata, mai da gyara, kusan shi ne abin da suke nema."

Na ajiye biro. "Yaya, motarka?"

"Ta tsufa dama. Mai gyaran firji ya daɗe yana sonta." Ya ɗauki tef ɗinsa da ya kwana biyu a teburina, ya ja ya saki. "Ki sa hannu inda ake sa wa, ina da aiki."

Ba zan ce daga nan komai ya daidaita ba. Mai Fenti ya yi kwana uku ba ya gaida ni, wai ni na jawo aka taɓa masa kuɗi. Mai Gilashi ya ce Na-Tsaye ya saya wa kansa wahala da kuɗinsa, kuma ta wani fannin ba ƙarya ya yi ba, don soso bai sauko ba, babban kantin nan ma bai rufe ba. Ko shagon zai kai baɗi ni ban sani ba, shi ma bai sani ba. Yanzu tun da sassafe yake fitowa ya tsaya a bakin hanya da sauran jama'a, in mota ta zo a cike ya kama ƙarfe ya tafi a tsaye, ya ce shi ai ya saba. Gwani dai ya koma ƙarshen teburinsa tun ranar Talata da tsohuwar rigarsa, ya ce duk abin da Mai Soso ya goge a dawo masa da shi.

Asabar ta farko bayan an karɓi takardar na sake zuwa, wannan karon don gulma kawai, ba zan ɓoye ba. Yaya ya sayo ƙananan ambulan, ni na rubuta sunaye a kai. Ya kira Dogo, ya kira Tela, ya kira Mai Soso da Mai Fenti, kowa ya zo teburi ya karɓa ya sa hannu. Saura ɗaya. Na ga ya ɗauke shi ya juya wajen ƙofa, ƙafa ta saba. Amma Gwani bai je ƙofa ba. Ya wanke hannunsa ya zo ya tsaya a gaban teburi inda sauran suka tsaya, yana jira.

Yaya ya dawo. Ya riƙe ambulan ɗin da hannu biyu, ya buɗe baki ya rufe.

"Faɗi sunan abin," in ji Gwani.

"Baba, ga albashinka."

Tsohon ya karɓa, ya sa hannu a takardar da kyau, harafi bayan harafi. Ya buɗe ambulan ɗin a gaban kowa ya duba, kamar yadda kowane ma'aikaci ke yi. Sannan ya zaro takardar kuɗi ɗaya ƙarama daga ciki, ya naɗe ta sau biyu, ya kamo hannun Yaya ya danƙa masa.

"Gidanka da nisa," ya ce. "Ga kuɗin mota."

Yaya ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Babu wanda ya yi dariya, har Mai Fenti. Can ya rusuna ya ce ya gode, ya sa kuɗin a aljihun gaba, ya ce wa Dogo ya rufe shago, don motar layinsu ta ƙarfe shida ba ta jiran kowa.